Kada a ɗora wa malami bindiga a kan alli

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da ake tafkawa a Amurka, ta cewa a ba malaman makaranta bindigogi don su kare ɗalibai daga masu harbin kan mai uwa da wabi. Shekara 27 na yi ina koyarwa a firamare, shi ya sa maganar ta tsaya mini a rai.

Bayan harin da aka kai wata makarantar sakandare a Parkland a jihar Florida a 2018, inda aka kashe mutum 17, Shugaba Donald Trump ya goyi bayan wannan shawara. A 2022 jihar Ohio ta rage horon da ake buƙata daga sama da awa 700 zuwa awa 24. Tennessee kuma a 2024 ta ba malamai damar ɗaukar bindiga a ɓoye, ba tare da iyaye sun san wane malami ke ɗauke da ita ba. Na san hujjarsu, kuma ban raina ta ba: kafin 'yan sanda su iso, mai aukuwa ta auku.

Amma ranka ya daɗe, a dubi harin makarantar firamare ta Uvalde a jihar Texas a 2022. Jami'an tsaro 376 ne suka hallara da sulke da manyan makamai, sai bayan minti 77 suka kutsa ajin. Yara 19 da malamai mata biyu suka rasu. In masu abin sun yi wannan jan ƙafa, me ake so malamar lissafi ta yi, ga yara sun rirriƙe ta suna kuka? Ni ko jan biro ba ya kwana biyu a aljihun teburina, sai wani ɗan ƙiriniya ya yi awon gaba da shi. Ina zan ajiye bindiga?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda za a harba. Maharin Parkland tsohon ɗalibin makarantar ne, na Uvalde ma a can ya yi aji huɗu. Wallahi ba zan iya saita yaron da na kama wa hannu ya koyi rubuta sunansa ba, kuma daƙiƙar da zan yi ina jinkiri ta isa a rasa rayuka.

Yaron Uvalde ya sayi bindigoginsa biyu a shago bisa doka, 'yan kwanaki bayan ya cika shekara 18. Ina roƙon jaridarku ta yi mana cikakken bayani kan yadda hakan ke yiwuwa.

Wassalam.

Tsohon malamin firamare, Zariya