Makarantar Lahadi: a gyara koyarwa kafin a raba aji

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa, ina roƙon fili a jaridarka domin in tofa albarkacin bakina kan shawarar da wasu dattawan ikkilisiya ke bayarwa cewa a raba yara maza da mata a makarantar Lahadi, bisa hujjar cewa yadda suke ɗaukar karatu ba ɗaya ba ne.

Bambancin akwai shi, babu musu. A jarrabawar PISA ta shekarar 2018, wadda OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ke shirya wa 'yan shekara 15, 'yan mata sun fi samari ƙwazo a fannin karatu a dukan ƙasashen da suka shiga. Duk wanda ya taɓa riƙe ajin ƙanana ya ga irin haka: idan aka ba da haddar Zabura 23, kafin mako ya zagayo yawancin 'yan matan sun kawo ta, alhali mazan suna bencin baya suna mintsinin juna. Amma da zarar an ce a fito a kwaikwayi Dawuda da Goliyat, yaron da aka ɗauka daƙiƙi shi ne zai tuna wa malami cewa duwatsu biyar Dawuda ya tsinta a rafi.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun 'yan mata. Yarinya ta haddace aya sarai, amma idan aka tambaye ta ma'anarta sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin ɗankwali, domin tun daga gida an hore ta da kunya, kuma kafin ta tattara kalmominta wani yaro ya riga ya ɗaga murya. Wannan a ganina aikin tarbiyya ne, kuma malami mai haƙuri zai iya sauya shi a cikin aji ɗaya. Ga shi kuma ikkilisiyoyin karkara da yawa da ƙyar suke samun masu koyarwa, balle a ninka azuzuwa. Boys' Brigade da Girls' Brigade, ƙungiyoyin yara maza da na mata na ikkilisiya, su ma sun riga sun ba kowane ɓangare dandalinsa.

Don haka ina kira ga masu kula da ilimin Kirista a ikkilisiyoyin ECWA, COCIN da EYN su sa wannan batu cikin horon malamai: a haɗa hadda da waƙa da kwaikwayo a kowane darasi, kuma bayan tambaya malami ya ɗan dakata, sannan ya kira yarinya da sunanta ta ba da amsa.

Naka,
Wani malamin makarantar Lahadi, Jos