Ɗiyata, kafin ƙararrawar ta kaɗa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗiyata, ya jego, ya ƙarfin jiki? Ya maigidan naki da ɗawainiya? Ki shafa min kan angona, ki ce masa na ga hotonsa a kan sabon keke. Kishiyata kuwa a lissafina yau kwananta 46 a duniya, Allah Ya raya mana su bisa sunna. Mu nan lafiya ƙalau, damina ta zauna sosai, Babanku yana gaishe ku.

Na zauna na rubuto ne saboda a waya magana ba ta zama. Jaririya tana kafaɗarki, yaro yana jan zaninki, ni kuma ina nan ina ta "kina ji na?" A kiranmu na wancan mako kin juyo da kyamara kin nuna min abu biyu: 'yar safar da ake ɗaura wa jaririya a ƙafa, wadda kika ce ta kusa dala 300, da abin hannu mai siffar kunkuru, mai sa ƙararrawa ta kaɗa in ya shiga ruwa, da kuka saya wa yaro saboda tafkin iyo da ke bayan gidajenku. Kika ce, "Mama, yanzu kam ina samun barci." Wallahi na yi murna, don na san wahalar jego a Amurka, ƙasar da babu kaka, babu gwaggo, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta karɓi jariri. Amma maganar ta kwana tana yi min yawo a rai.

Safar nan ba baƙuwa ba ce a wurina. Ƙanwar abin nan ce da muke maƙala wa yara a yatsa a asibiti, wanda na yi shekaru ina aiki da shi kafin in ajiye aiki. Haske yake turawa cikin fata, ya auna yawan iskar oksijin da ke cikin jini da kuma bugun zuciya. Abu ne mai amfani, ya sha nuna mana yaron da ke shirin galabaita tun kafin leɓensa ya sauya launi. Sai dai mun san halinsa. In yaro yana wutsil-wutsil ya ba da lambar ƙarya. In ƙafa ta yi sanyi ya rikice. In ya zame ya hau kuka alhali yaro lafiyarsa lau. Abin da ya fi ba ni tsoro a ɗakin yara shi ne daren da na'ura ta yi kukan banza sau biyar, domin a na shida ƙafar mutum takan yi nauyi kafin ya tashi. Ga kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye: a shekarar 2020 likitocin jami'ar Mishigan sun gano cewa irin wannan ma'auni yakan nuna oksijin ya wadata a jikin baƙar fata alhali ya yi ƙasa, kuma hakan ya fi faruwa gare su kusan ninki uku a kan fararen fata. Binciken a kan manya aka yi shi da na'urorin asibiti, amma dabarar aikin ɗaya ce, kuma 'yarki launinki ta ɗauko.

Na sa Yayanki ya buɗe min intanet muka bi tarihin safar taku ta kamfanin Owlet. A 2018 likitocin asibitin yara na Filadelfiya sun gwada tsohon samfurinta a kan jarirai 30, suka ga tana gano raguwar oksijin, amma ba kowane lokaci ba. A 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi kamfanin cewa yana sayar da kayan asibiti ba da izini ba, har aka janye ta daga kasuwa. Sai a ƙarshen 2023 sabon samfurin ya samu amincewar hukumar, don jarirai masu lafiya daga wata 1 zuwa wata 18. To madalla, an gyara. Amma ki duba takardar da ke cikin kwalin da kyau, ba za ki ga inda suka yi alkawarin tana hana mutuwar jariri cikin barci ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma har yau ba ta ce a dogara da irin waɗannan na'urori don wannan ba.

Abin da aka tabbatar ya rage wannan mutuwar ko kwabo ba a kashe masa. A 1994 aka fara gangami a Amurka cewa a riƙa kwantar da jariri a rigingine, cikin 'yan shekaru mace-macen suka ragu da fiye da rabi. Mu a zamaninmu rub da ciki muke kwantar da ku, muna tsoron kada tumbiɗi ya shaƙe ku, haka aka koya mana, haka muka koya wa wasu. Allah ne Ya tsare. Yanzu da aka sani babu uzuri. Kuma ɗiyata, lokacin da kika juya kyamarar na hango cikin gadon. Na ga bargon nan mai gashi-gashi da na aiko miki, na ga ɗan matashi, na ga 'yar tsana a kusurwa. Ki kwashe su duka, har bargon nawa. Katifa mai tauri, zanin gado a ɗame, jaririya a rigingine, shi ke nan. In sanyi kike ji mata ki sa mata rigar barci mai kauri, ban da hula a cikin ɗaki, ban da tulin lulluɓi. Gadonta ya zauna a ɗakinku kusa da naki, aƙalla wata shida. Sannan shayarwar tsakar dare a kan kujerar falo, wadda kika ce kina yi don kada ki tashi mijinki, ita ta fi komai tayar min da hankali. Mai jego barci ba ya yi mata sallama. Jariri ya zame tsakanin jikin uwa da hannun kujera, fuska ta nutse cikin soso, babu ko motsi. Gara ki tashe shi ya zauna tare da ke.

Yanzu maganar ruwa. Akwai labarin da ban taɓa ba ki shi dalla-dalla ba, don har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Yayanki yana da wata 14, ya fara tafiya ke nan, ana suna a gidanmu na gado. Tsakar gida cike da mata, ana ɗora tukwane ana saukewa, ana raba waina. Na miƙa shi ga wata 'yar'uwa na shiga ɗaki in canza kaya. Ita kuma aka kira ta ta ɗauko faranti, ta dire shi a tabarma, tana ganin ai ga mutane. Kowa na ganin wani na duba shi. A bayan madafa akwai bokitin roba mai tsawo da aka jiƙa tsummokara, ruwan ciki bai kai kamu ɗaya ba. Ya leƙa, kai ya rinjaye shi, ya kifa. Mata sun fi talatin a gidan, babu wadda ta ji komai, domin babu abin ji. Yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa. Kakarku, Allah Ya jiƙanta, ita ta zagaya za ta yi alwala ta ga ƙafafu biyu a sama. Da na iso jikinsa ya saki, leɓen ya yi shuɗi. Mata na ta salati, wata na cewa a riƙe ƙafafunsa a juya shi, wata na cewa a danna ciki ruwan ya fito. Na ƙwace shi na shimfiɗe a ƙasa, na haɗa bakina da bakinsa da hancinsa na hura, na danna ƙirji, na sake hurawa. Ban san sau nawa ba. Sai na ji ya yi tari, ya amayo, ya tsanyara kuka. Kwana biyu muka yi a asibiti.

Shi ya sa da kika nuna min kunkurun nan na tambayi kaina: da yana hannunsa ranar, zai yi amfani? Wataƙila, in hannun ya shiga ruwan, in akwatin da ke ƙara yana kusa, in an ji shi cikin hayaniyar suna. Ban raina shi ba, daƙiƙa goma ma riba ce, tunda ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintuna, daga huɗu zuwa shida ta fara lalacewa. Amma ki lura, sai yaro ya riga ya faɗa sannan yake kira. In kina sama kina wanka da jaririya, ya zama ihu bayan hari. Kuma sai an ɗaura shi yake aiki. Mafi yawan ƙananan yaran da ke nutsewa a tafkunan gidaje a can, ba a lokacin iyo abin ke faruwa ba. Lokacin da aka ɗauka yaro yana falo yana wasa ne, ko yana barci, sai a tarar ya tura ƙofa ya fita. A irin wannan lokacin kunkurun yana kan tebur. A Amurka babu abin da ya kai nutsewa kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A Bangaladash, ƙasar da ke cike da koguna, an lura yawancin yaran suna faɗawa ne a kududdufin da ke dab da gida, tsakanin safe da azahar lokacin da iyaye mata ke fama da aiki. Sai aka riƙa tara yaran unguwa a hannun mace ɗaya ko biyu a waɗannan sa'o'i, aikinsu kawai kallon yara, mutuwar ta ragu ƙwarai.

Don haka ki ci gaba da ɗaura wa yaron kunkurun, ki riƙa gwada shi a kofin ruwa kowane mako, ki duba batir. Amma gobe ki sauka ki duba shingen tafkin da idonki: ya zagaye shi ta kowane ɓangare? Ƙofar tana rufe kanta ta kulle, ko wani ya tokare ta da dutse? In ta lalace ki kai ƙara ofishin masu gidan a rubuce. Ƙofar falonku a sa mata sakata can sama inda hannunsa ba ya kaiwa. In kun je iyo, ya zama in kin miƙa hannu za ki taɓa shi, waya tana cikin jaka. Balan-balan ɗin damtse abin wasa ne, ki nemi rigar ruwa ta gaske. Ranar taro kuwa, walima ko Sallah, ki kira mutum ɗaya da sunansa ki ce "ga amanar yaro," kada ya tashi sai ya damƙa wa wani ya ji ya amsa. Bahon wanka a tsiyaye shi da an gama, murfin masai a rufe, bokitin goge-goge a kife. Yaron ya kai shekarun fara koyon iyo, ki sa shi.

Roƙona na ƙarshe, ke da mijinki ku je ku koyi farfaɗo da numfashi. Ƙungiyar Red Cross tana koyarwa a can, asibitoci ma haka, yini ɗaya bai cika ba. Za su ba ku 'yar tsanar roba ku gwada da hannunku har ya zauna. Wanda aka ciro daga ruwa iska yake buƙata kafin komai, wani kuma ya kira lambar gaggawa ta 911 nan take, kuma ko ya farfaɗo yana wasa sai likita ya gan shi.

Mu ma nan mun fara shirin zuwanku na Disamba. Na sa maƙeri ya yi wa rijiya murfin ƙarfe da kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zanina. Randunan tsakar gida an mayar da su ɗakin ajiya, ramin da magina suka bari a bayan gida Babanku ya sa an cike shi. Ki taho da safar da kunkurun duka, amma kin san halin wutarmu, ki haɗo da abin caji.

Yau kafin ki kwanta ki ɗauko min hoton gadon, ina so in gan shi fayau, babu komai sai ita.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare min ku.

Mahaifiyarki.