Roƙon Tallafi: Mu Tattara Tarihin Barewa Tun Masu Ba Da Shi Na Raye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu tsofaffin ɗaliban Kwalejin Barewa ta Zariya, da iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, da duk mai ƙaunar wannan makaranta. Mu ne ɗan ƙaramin kwamitin da wasu tsofaffin ɗalibai suka ɗora wa aikin tattara tarihinta, kuma ƙoƙon bara muka ɗauko.

Ga abin da ya tashe mu tsaye. Kwanakin baya mun je ta'aziyyar wani dattijo da ya yi karatu tun makarantar tana Kaduna. Bayan an shafa fatiha, babban ɗansa ya fito mana da wani akwatin ƙarfe, ya ce a nan Baba yake ajiye takardunsa na makaranta. Da aka buɗe, ashe gara ta riga mu. Hoto ɗaya ne ya tsira, na wasu samari a jere, kuma duk gidan babu wanda ya san sunan ko mutum ɗaya a cikinsu sai marigayin. Wanda zai faɗa mana sunayen, kwanansa uku a kabari. Haka muka taso jiki a sanyaye.

Wanda bai sani ba zai ɗauka a Zariya aka haifi makarantar nan. A Katsina aka kafa ta a 1921, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Gwamna Kilifod ya buɗe ta a 1922. Ginin ƙasar da aka fara karatu a ciki yana nan tsaye a Katsina, an sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. A 1938 ta koma Kaduna, a 1949 ta iso Zariya, sunan Barewa kuwa sai a 1971 ta same shi. Gari uku ke nan, kuma duk mai ƙaura ya san ba ya isa masauki da kayansa cif.

Mun saba, in ana hira, mu lissafa shugabannin ƙasa biyar da suka zauna a azuzuwanta: Abubakar Tafawa Ɓalewa, Yakubu Gowon, Murtala Muhammad, Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa, sannan mu ɗora da Sardauna Ahmadu Bello. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Sai dai waɗannan tarihinsu ba ya cikin haɗari, an rubuta shi an sake rubutawa. Abin da muke yawan mantawa shi ne Turawa sun gina makarantar ne don horar da malamai. Mutane da dama sun gama sun koma lardunansu, sun ƙare rayuwarsu da alli a hannu a makarantun midil na Sakkwato, Bauci, Bida, Yola da Maiduguri. Su suka koyar da waɗanda suka koyar da mu. Ina sunayensu? Kuma makarantar da aka tsara don ta ba mulkin En'e ma'aikata masu ladabi, ita ce dai ta yaye Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, waɗanda suka zo suka girgiza wannan tsarin. Yadda hakan ta faru a cikin aji da ɗakin kwana, ba za a same shi a fayil ɗin gwamnati ba. Yana bakin tsofaffi.

Ku ɗauki al'adar lamba. Duk ɗan Barewa yana da lambar da aka ba shi ranar da ya shiga, tana bin ta wanda ya gabace shi tun daga Katsina, ba a sake ba wa kowa ita. Ta Tafawa Ɓalewa 145 ce. Har yau in 'yan Barewa biyu suka haɗu, kafin a tambayi aiki ko muƙami sai an tambayi lamba, kuma mai ƙaramar lamba shi ne babba, ko da ɗayan ya zo da jiniya. Burinmu shi ne kowace lamba ta sami suna, gari da ɗan taƙaitaccen labari a gabanta.

Haka sunayen gidajen kwana. Yaro zai shekara shida yana kare martabar gidan Ɗan Hausa a filin wasa bai san Ɗan Hausa shi ne Baturen nan da ya fara makarantar Nasarawa a Kano ba. Bello Kagara da Nagwamatse malamai ne da suka koyar, Sulaiman Barau tsohon ɗalibi ne da ya zama Sarkin Abuja (Suleja ta yau), Ja'afaru kuwa Sarkin Zazzau ne lokacin da makarantar ta sauka a ƙasarsa. Ga kuma wasan nan na dukan 'yar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, da malamai Turawa suka kawo daga Ingila. Sardauna ya ƙware a kansa tun yana ɗalibi, bai bar shi ba har ya zama Firimiya, shi ya sa har gobe ake buga shi a Arewa.

Kuɗin da muke nema, mafi yawansu a hanya za su tafi. Za mu tura matasa da na'urar ɗaukar murya da kyamara su bi dattawanmu gida gida, a fara da mafi tsufa, don su ne lokaci ba zai jira ba. Akwai kuɗin mota, masauki da ɗan abin hasafi ga waɗanda za su zauna su mayar da hirarrakin rubutu. Sauran kuɗin na sayen na'urar kwafe hotuna da takardu ne zuwa kwamfuta, da akwatunan ajiya da gara da danshi ba sa shiga. In Allah ya sa an sami rara, za a buga ƙaramin littafi a raba wa 'yan aji ɗaya, yaro ya san gidan da ya shigo.

Ba kuɗi kaɗai ne gudummawa ba. Wanda yake da tsohon hoto, takardar sakamako, wasiƙa ko mujallar makaranta, ya ba mu aro, a kwafa a gabansa a mayar masa. Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata, ku muka fi sa wa rai a nan, don galibi a ɗakunanku kayan marigayan suke. Wanda kuma ya san wani dattijo ɗan Barewa da ke kwance a gida, ya sanar da mu tun yau.

Taken makarantarmu shi ne "Man jadda wajada", wato wanda ya yi ƙoƙari zai samu, kuma ba mu raina kowace gudummawa, daga ta mai fansho har ta ɗan kasuwa. A miƙa ta hannun wakilin aji ko wakilin jiha, a karɓi rasit mai sa hannun ma'aji. Kada a tura wa kowa kuɗi a asusunsa na ƙashin kansa, ko da ya ce mu muka aiko shi. Duk bayan wata uku za mu fitar da bayanin abin da ya shigo da abin da aka kashe, tare da sunayen dattawan da aka riga aka ɗauki muryarsu.

Allah ya jiƙan malamanmu da magabatanmu, ya saka wa kowa da alheri. Hoton nan da ya tsira daga gara yana hannun sakatare, duk wanda mahaifinsa ko kakansa ya yi Kaduna ya zo ya duba ko zai gane wata fuska.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamiti.