Duron zuba wa namun daji hatsi: a sa masa ƙa'ida tun wuri

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan an tashi lafiya, ya aiki ya jama'a. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da samarinmu suka fara kwaikwayo daga bidiyon Facebook, wato duron da ake cika shi da hatsi a ajiye a daji don zabin daji da fakara da kurciya su saba da zuwa wurin.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin ba wani inji ba ne, ba batir ba komai. Duron roba ne ko babban bokitin fenti mai murfi, sai a huda ƙananan ƙofofi a gindinsa a ɗora kan faranti ko tsohon tire, hatsin da kansa yake gangarowa saboda nauyinsa, tsuntsu na ci wani na saukowa, in tiren ya cika sai ya tsaya. Wasu fayif suke samu su sa masa gwiwa a ƙasa su ɗaure jikin bishiya. A Amurka masara suke zubawa don barewa da talotalon daji, a Ingila kuma galibi alkama ce don tsuntsayen da suke harbi, mu nan dawa ce ko tsakin masara, gero yana da saurin zubewa in ƙofar ta yi faɗi.

Toh amma abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne can ba su da gara irin tamu, in ka ajiye shi kai tsaye kan ƙasa ba ka ɗora kan bulo ko dutse ba kwana kaɗan ta shiga hatsin da ke gindin, ga gafiya ga kurege, ga awakin gari da na Fulani waɗanda in suka gano wurin shikenan su kake ciyarwa, a tsadar kwanon dawa na yanzu fa. Sannan in raɓa ko ruwa ya shiga hatsin ya yi fumfuna guba ne ga tsuntsun, shi ya sa murfin dole ya rufu gam kuma kar a cika shi fal.

Ni ba wannan ne ya dame ni ba ma. Mafarautan da, sai mutum ya bi sawu ya sha rana kafin ya samu zabuwa ɗaya, yanzu kuwa ka tara garke guda wuri ɗaya ka laɓe da bindigar toka, wallahi a wata biyu za ka iya ƙarar da zabin yanki gaba ɗaya, ballantana da damina lokacin da suke saka ƙwai, ka harbe uwa ai ka kashe har da 'ya'yan da ke sheƙa. Ga kuma cuta, tun 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya mun ga yadda take yi da kaji, in ka haɗa tsuntsun daji da zabin gida a tire ɗaya me kake nema? Can Amurkar ma akwai jihohin da suka hana zuba wa barewa abinci saboda cutar da take yaɗuwa in sun taru.

Don haka ina kira ga sarakunan baka da dagatai da masu unguwanni su zauna da yaran nan, wanda zai sa duro ya sa a gonarsa bayan an kwashe amfani, ya ɗauke shi da zarar an yi ruwan farko, ya nisanta shi da gidaje, kuma kar kowa ya kuskura ya kai shi gefen dajin Falgore na jihar Kano ko dausayin Baturiya na nan Jigawa, can doka ta hana farauta, jawo dabba waje da hatsi ma farautar ce.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku, wani manomi daga ƙaramar hukumar Birnin Kudu, Jigawa.