Tura Fim Ba Ya Ƙirƙirar Hasken Da Bai Shiga Ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da matasan da suka dawo ɗaukar hoton baƙi da fari da fim, saboda akwai maganar da nake yawan ji a bakinsu, wai kowane fim ka samu ko da mai jinkiri ne, wato mai buƙatar haske da yawa, za ka iya shiga duhu da shi, kawai ka ɗaga lambar ISO, wato ma'aunin saurin fim wajen karɓar haske, a kyamara sannan ka ƙara masa lokaci wajen wanki, wato abin da muke ce wa tura fim. To gaskiya ba haka abin yake ba, kuma ni da kaina na sha wannan kashin.

Na taɓa loda fim ɗin Ilford FP4 Plus, wanda ISO ɗinsa 125 ne, na saita kyamara a 1000 a wani ɗaki mai ƙwan lantarki ɗaya tal. Daga 125 zuwa 250 mataki ɗaya, 500 biyu, 1000 uku, kenan kashi ɗaya cikin takwas na hasken da yake buƙata kawai na ba shi. Na wanke, na ƙara mintoci sosai ina ta jin daɗi, da na ɗaga negatif ɗin (fim ɗin da aka wanke, inda haske ke fitowa baƙi) a haske sai ga ƙwan ya fito baƙi ƙirin, goshin mutumin da nake ɗauka da gefen hancinsa sun fito, amma rigarsa da bangon bayansa fes kamar gilashin taga, babu komai wallahi. A takardar hoto wurin nan duk baƙi ne dunƙule.

Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Sinadarin wanki yana aiki ne kan ƙwayoyin azurfar da haske ya riga ya taɓa. In ka daɗe da fim a ciki, wuraren da suka sha haske su ne za su ƙara kauri, tsaka-tsaki ya ɗan tashi, inuwar da ba ta samu komai ba kuwa ko kwana za ta yi a tanki haka za ta fito. Shi ya sa hoton ke yin tsauri, fari ya yi fari baƙi ya yi baƙi, ga tsaki-tsaki kamar an watsa yashi, alhali laushin hoto shi ne dalilin sayen fim mai jinkiri tun farko. Pan F Plus mai 50 ma ya fi taurin kai don shi dama can yana da tsauri.

Ba wai na ce haramun ba ne fa. Mataki ɗaya fim ɗin 100 ko 125 yana ɗauka lafiya, musamman da sinadarin wanki na Microphen ko Xtol, a riƙe ruwan a digiri 20 kuma a auna haske daga inuwa. Sinadarin Rodinal dai ban ba da shawara ba a nan. A kuma rubuta lambar da aka tura a jikin gwangwanin fim ɗin, don naɗi ɗaya wanki ɗaya ne, ba a tura rabi a bar rabi.

In mutane ne masu motsi a duhu, a sayi HP5 Plus ko Tri-X masu 400, su sun saba da 800 da 1600, ko Delta 3200. In kuma abin a tsaye yake, gini ne ko titi da dare, ka ɗora kyamara kan mai ƙafa uku ka bar fim a saurinsa, sai dai in lokacin ya wuce daƙiƙa ɗaya yawancin fim na buƙatar ƙari kan abin da mitar auna haske ta nuna. Acros na Fujifilm ne ke jurewa har kusan minti 2 ba gyara, kuma shi ma 100 ne.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Wani tsohon mai wankin hoto