Wasiƙa Daga Garwa Kan Kuɗin Koyarwa

Garwa, Kamaru

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya zafin Njamena? Mu ma nan rana ta buɗe, Binuwai ta janye har yara na buga ƙwallo a kan yashi, wutar lantarki kuwa sai an gan ta, kamar kullum idan ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya yi ƙasa.

Na ga saƙonka. Ka ce wani kamfani ya nemi ka horar da ma'aikatansa takwas masu gina shafukan intanet, kwana biyar, a kan PHP, harshen rubuta manhajar shafuka, da Laravel, tsarin aiki da aka gina a kansa, da suka tambaye ka nawa ne kuma ka ce "duk abin da ya sawwaƙa". Wannan maganar ce ta hana ni aiko maka saƙon murya, na ce gara in zauna in rubuta. Don Allah ka koma ka janye ta tun ba su yanka maka nasu kuɗin ba.

Irin wannan kunyar na yi a aikina na farko a Marwa. Kwana uku ne, na lissafa awannin da zan tsaya gaban allo kawai, na ce dubu sittin na sefa. Ko tayi ba su yi ba, suka amince. Sai da na dawo gida na zauna da biro. Kwana shida na yi ina shirya darussa, ina rubuta misalai ina gwada su. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga data da na saya da aljihuna saboda intanet ɗin ofishinsu ta ƙi. Bayan nan wata guda cur suna kirana a WhatsApp, yau Git, manhajar adana sauye-sauyen aiki, ya ƙi karɓar aikinsu, gobe shafi ya faɗi. Abin da ya rage a hannuna bai kai cefanen kwanakin ba, kuma abin ya daɗe yana cina.

Yanzu daga gida nake fara lissafi. Haya, cefane, kuɗin makarantar yara, man janareto, abin da zan ajiye don ranar da kwamfuta za ta mutu, duk na shekara. Sai in raba a kan kwanakin da nake samun aiki da gaske, domin mai zaman kansa ba kullum yake sayar da yininsa ba, akwai azumi, akwai makonnin da waya ba ta ƙara. Abin da ya fito shi ne kuɗin yinina. Darasi sabo kuma, kowane yini ɗaya a aji ina ɗora masa yini biyu na shiri. Kwana biyar ɗinka ke nan sha biyar ne.

Ka kuma tuna koyarwa ba ɗaya take da gina shafi ba. Wanda ka gina wa shafi zai dawo gyara. Wanda ka koya wa, ka ba shi abin da zai sa ya daina nemanka. Shekarun da ka yi kana fama da kura-kurai cikin dare su ne mutum takwas za su kwashe a mako guda, dole kuɗin ya nuna haka.

Idan suka ce ya yi tsada, kada ka rage kuɗin yini. Ka rage kwanaki, ko ka cire wani babi. Wanda ka sayar wa da araha bana, da wannan farashin zai zo baɗi, har ya faɗa wa maƙwabcinsa.

Sai takarda. A rubuta yawan ɗalibai, don takwas kan zama sha huɗu ranar farko. A rubuta wa zai kawo ɗaki da wuta da intanet, kwana nawa za ka amsa tambayoyi bayan an gama, da ko za su ɗauki bidiyon darasin su ci gaba da amfani da shi. Ka karɓi rabi kafin alƙalami. Ka tambaya ko kuɗin da haraji ne a ciki, domin mu nan TVA, harajin da ake ɗorawa kan ciniki, kashi 19.25 ne cikin ɗari, kuma manyan kamfanoni kan cire wani abu tun kafin kuɗi ya iso ka. Idan ƙungiyar waje ce ta yi maka magana da yuro, lissafin ba wuya, yuro ɗaya sefa 655.957 ne, a nan da can duka.

Ɗaliban jami'ar Marwa da ta Ngaundare da ke zuwa wurina lokacin hutu, ɗan abu kaɗan nake karɓa a kan kowane mutum, wasu ma kyauta. Wannan ni na zaɓa, kuma kuɗin kamfanoni ne ke ba ni damar yi.

Ka turo mini tsarin darussan kafin Juma'a mu yi lissafin tare. Ka gaida Hajiya da yara, ka ce mata kilishin na nan tafe ta Kuseri da na samu mai zuwa.

Naka har kullum,
Amininka na Garwa