Zuwa ga Mamana, kan takardarki ta neman tallafin bincike

Assalamu alaikum. Mamana, ya sanyin Amurka? Mahaifiyarki ta ce kin yi kuka ranar da amsar NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, ta fito. Na karanta sharhin da kika turo mini har sau biyu.

Mutum uku ake ɗora wa takardarki su karanta a tsanake, kowa ya ba da maki daga 1 zuwa 9, kuma 1 shi ne mafi kyau. Kusan rabin takardun, ko ma fiye, ko tattauna su ba a yi a zaman kwamiti. Taki an tattauna ta, ki gode wa Allah. Sauran 'yan kwamitin galibi shafin manufofin binciken suke leƙawa, sai su bi bakin ukun nan, don haka shafin ya fi kowane buƙatar gyara.

Babu wanda ya yi musun amfanin aikin. Jariri ya zo duniya ƙasusuwansa a karye tun daga ciki, wa zai raina wannan? Kin kuma yi daidai da kika kawo binciken 2012, wanda ya nuna kusan kashi 1.5 cikin ɗari na mutanen Najeriya da Gana da aka gwada suna ɗauke da illar ƙwayar gado ta LEPRE1, mai haddasa wannan ciwo, ba su sani ba.

Inda suka kama ki shi ne adadi. Kin ce za ki tara iyalai 40. A ina? Yawancin jariran nan ba sa daɗewa, wasu a gida ake haihuwarsu, a gida suke komawa, babu wanda ya rubuta. Mai tantancewa yana son ganin wasiƙun asibitocin da suka amince su haɗa kai da ke, da 'yan sakamakon gwajin farko, da abin da za ki yi idan 15 kawai kika samu. Ki nemi masanin ƙididdiga ya zauna da ke tun yanzu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar mai sharhi na uku kan iyalan. Layi biyu kika ba su, Mamana. Ni da mahaifiyarki auren zumunta muka yi, kin sani. Kin kuma san idan yara suna mutuwa a gida, uwar ake kallo, alhali daga uwa da uba ciwon yake zuwa. Wa zai yi musu bayani da harshensu kafin su sa hannu? Wa zai zauna da mijin ya gane? Jinin da aka ɗiba, a hannun wa zai kasance? Ki rubuta wannan sashe kamar ƙanwarki ce za a ɗebi jininta.

Kina da damar sake miƙawa, da shafi guda na amsa. Kada ki yi musu jayayya a ciki, ki nuna abin da kika gyara ɗaya bayan ɗaya. Ki turo mini sabon rubutun kafin azumi in duba. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki